Sidiku Mai Kwashe Ganyen Hanya

Ni fita ne a Salaga, wato makaniki, sunana Abdul-Wahid. Rumfata tana bakin hanyar da ta gangara Makango, manyan motoci nake gyarawa. Na daɗe da daina sauraron abin da direba yake faɗa a kan kansa, don kowa gwani ne idan yana zaune a benci a tasha. In ina son sanin mutum, ƙarƙashin motarsa nake shiga in dubi birki da kuloci da sifirin. Can ne halinsa yake.

A cikin duk waɗanda na shiga ƙarƙashin motarsu ban ga mai tsabtar ƙafa kamar Sidiku ba. Yau ba shi da babbar mota. Motokin yake ja, babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwati a baya, yana kwaso wa mata doya daga gona. Mutumin da ya tsufa a kan sitiyari. Waɗanda suka jawo masa haka kuwa suna nan da motocinsu, suna wuce shi a hanya suna danna masa hon.

A zangon Bawku aka haife shi. Ubansa ɗan dako ne a kasuwar albasa, uwarsa tana sayar da koko. Yana tasowa ya bi wani direba mutumin Yendi, Massa Aruna, wato Oga Aruna, ya zama yaron motarsa. A wurin Aruna ya koyi tuƙi, a wurinsa kuma ya koyi dokar ganye.

Idan babbar mota ta lalace a hanya, direba yakan sari ɗanyen reshe ya jera a kan titi, gaba da baya, tun daga nesa, musamman kafin kwana, domin mai zuwa ya san akwai mota kwance ya rage gudu. Yakan kuma sa dutse a bayan taya don kada ta gangara. Wannan rabin dokar ne, kowa ya san shi. Ɗaya rabin shi ne, idan an gama gyara, kafin a tashi, a koma a kwashe ganyen a jefa daji, a ɗauke dutsen. Wannan rabin ne mutane suka yar. Inji na tashi sai su haye su tafi. Su bar ganye yana gaya wa jama'a akwai mota alhali babu, su bar dutse kamar kan bijimi a tsakiyar hanya yana jiran mai babur.

Wata safiya suna gangarowa daga dutsen Nakpanduri da lodin doya za su Bawku, mota ta lalace musu bayan wata kwana. Sidiku ya sari ganye ya jera yadda aka koya masa, har ya wuce kwanar da nisa. Aka ɗaga mota a jak, Aruna ya shiga ƙarƙashi, Sidiku yana tsugune yana miƙa masa sifana. Sai ga wata bas ta taho a guje ta bugi bayan motar. Motar ta zame daga kan jak. Aruna bai fito da rai ba. Sidiku ya karye a ƙugu, shi ya sa har yau yake ɗingishi.

Direban bas ɗin ya zauna a bakin hanya yana kuka. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Na ga ganyen. Wallahi na gan shi. Amma tun daga Gushegu nake ganin ganye, in taka birki, in tarar babu komai."

Sidiku ya ce mini bai taɓa iya riƙe mutumin nan a zuciya ba. Waɗanda ya riƙe bai san fuskarsu ba. Su ne waɗanda suka gyara motocinsu tsakanin Gushegu da Nakpanduri suka tafi suka bar ganye, wataƙila har suka kwana lafiya a gidajensu.

Da ya warke ya sami motarsa ta farko, abu biyu ya yi. Ya je wurin kafinta aka sassaƙa masa katon katako mai gangare, aka huda aka zura igiya, shi yake sa wa taya maimakon dutse, ya gama ya jawo abinsa ya cusa a bayan kujera. Na biyu, duk inda ya ga busasshen ganye ko dutse a titi babu mota, sai ya gangara gefe ya tsaya, ya sauko da ɗingishinsa ya kwashe. Daga Bawku zuwa Garu, daga Yendi zuwa Bimbilla, daga Bimbilla zuwa nan. Direbobi suka sa masa suna Tankas, sunan da muke kiran masu duba tsabtar gari. Da izgili suka sa masa, kuma ya sani.

Kada wani ya ɗauka waliyyi ne mai sanyin baki. Sidiku mafaɗaci ne. Matarsa Abibata ta ce da jijiyar kai a tashe yake shigowa gida, ƙwayar hawan jini kuwa a aljihun gaban rigarsa take zama. Na sha hawa motarsa, hanya duka faɗa yake yi. Da wanda ya bar hannunsa ya koma na hagu don ramukan can sun fi kaɗan, kuma in ka taho ya ƙi komawa sai ya kunna maka fitila kamar kai ne baƙo. Da mai babur da ke kutsowa ta dama daidai lokacin da za ka juya. Da mai yalo-yalo, keken fasinja, wanda ke tsayawa a inda hannu ya ɗaga masa ko da tsakiyar mararraba ce. Da wanda ka kunna masa sigina ta hagu kana gaya masa kada ya wuce akwai mota a gaba, shi kuwa ya fito ya wuce, ya kuma zage ka da yatsu biyar.

Wata rana a Yendi, kusa da tasha, direbobi biyu suka haɗu, ɗaya za shi Bimbilla, ɗaya za shi Gushegu. Suka tsaya taga da taga a tsakiyar titi suna gaisawa. Gaisuwar Dagomba ba ta gaggawa, a tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi gajiya, kowace tambaya da "naa" ɗinta. Mu muna baya, layi yana ƙaruwa. Sidiku ya kashe inji ya sauka, ya shiga tsakanin motocin biyu ya rusuna kamar mai gaida surukai.

"Ina kwanan tayoyinku? Naa. Ina gajiyar birki? Naa. Mutanen da ke bayanku fa, masu zuwa asibiti da masu zuwa kasuwa, su mutu ne ko su jira ku gama?"

Ɗaya ya leƙo ya ce, "Tankas, kai ba ka da kunya?"

"Kunyar tana bayanka, ta yi layi har gidan mai. Leƙa madubi ka gaishe ta."

Masu talla suka fashe da dariya, motocin suka matsa. Amma direbobin nan biyu ba su ƙara amsa sallamarsa ba. Haka ya yi ta tara maƙiya a kan abin da ko yaro ya san gaskiyarsa.

Motar da ya fi daɗewa da ita ta Hajiya Atikatu ce. Hajiya jikar fataken goro ce na Salaga, tana aika doya Bawku, a dawo mata da albasa, ta duba lodin a nan, a wuce da shi Kumasi. Motoci biyu gare ta. Ɗaya tana hannun Sidiku, ɗaya tana hannun Muniru, wani magidanci mai fara'a da kowa ke so, wanda ni nake canja wa birki kamar ana canja riga.

Daga Salaga zuwa Kumasi sai an haye tafki a pantun, jirgin ƙarfen da ke ɗaukar motoci daga Makango zuwa Yeji. Manyan motoci kaɗan yake ci. In ya cika ya tashi ba kai, ka zauna ke nan a bakin ruwa, sau da yawa sai gobe. Doya tana iya jira. Albasa a ƙarƙashin tampol, cikin zafin bazara da gumin tafki, ba ta jira. Zufa take yi, ta ƙasa ta fara laushi, warin ya riga ka isa kasuwa.

Hanyar da ta gangara bakin ruwa kuwa siririya ce. Hannun dama na masu jiran shiga ne, a yi layi. Hannun hagu a bar shi a buɗe don motocin da za su fito daga pantun. Ba sai an yi karatu ba, in ba su fito ba ta ina za ka shiga? Amma akwai masu zuwa a makare su bi ta hagun nan su zarce har bakin ruwa, su cusa hancin mota, a gaji da su a bar su su shiga. Sidiku ba ya yi. Ga tsaye-tsayen kwashe ganye, ga bin layi. Pantun ya bar shi ba sau ɗaya ba, kuma a tafiyar da ta gabaci wadda zan faɗa, albasar Hajiya ta yi asara sosai.

Ranar da ya iso daga Bawku da sabon lodi ina gidan, don an kira ni in saurari kuloci. Hajiya ta sa aka kwance buhu ɗaya, ta cusa hannu ciki har gwiwar hannu, ta zaro ta shinshina.

"Malam Sidiku, ta fara ɗumi."

"Na sani, Hajiya."

"Muniru bayanka yake tashi, gabanka yake isa. Me ya sani wanda ba ka sani ba?"

"Hannun hagu ya sani."

"Ni ban san hagu ba, ban san dama ba. Albasa na sani. Mun daɗe tare, ban taɓa ƙirga buhu a bayanka ba. Amma gwamnati ba ta ɗauke ka sharar titi ba, ni na ɗauke ka tuƙi. In pantun ɗin gobe ya tashi babu motata a ciki, ka dawo ka ajiye mini makulli. Ka ji da kyau?"

"Na ji, Hajiya."

Washegari na bi shi, don ina da kayan gyara da zan sayo a Magazin, unguwar masu gyaran mota a Kumasi. Bayan sallar asuba muka tashi. Ba mu yi nisa ba sai ga busasshen ganye a jere da dutse a ƙarshensa. Na ji ƙafarsa ta sauka daga totur.

Na ce, "Yaya Sidiku, yau ɗaya dai ka wuce."

Bai ko dube ni ba, ya gangara gefe. Na ce ya zauna, ƙafata ta fi tasa sauri. Na sauka da gudu na watsar da ganyen, na mirgina dutsen cikin kwata, ina zagin wanda ya bar shi, ina haɗawa da shi Sidikun.

Duk da haka mu muka fara isa Makango. Babu mota ko ɗaya a gabanmu. Ya tsaya a hannun dama daidai bakin ruwa, ya jawo katakonsa ya sa wa taya. Ban taɓa ganinsa da sakin fuska irin ta ranar ba. Har soyayyen kifi ya sayo mana, muka zauna a inuwar mota muna ci, motoci suna zuwa suna jeruwa a bayanmu, kowace hancinta a gindin ta gabanta.

Hantsi ya ɗaga sai muka ji hon daga sama. Muniru ne, da ɗaya motar Hajiya. Ya bi ta hagu ya zarce duk layin, ya zo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mu. Ya leƙo yana dariya.

"Baba Tankas! Yau shara ta ƙare da wuri ne?"

Sidiku ya miƙe. "Muniru, koma baya. Nan hanyar masu fitowa ce."

"Za su fito, tsoho, za su fito. In pantun ya zo zan ɗan matsa."

"Ka matsa ina? Cikin ruwa?"

Kafin su gama, wata ta biyo bayan Muniru. Wata ta biyo bayan wannan. Da masu zuwa suka ga hagu tana tafiya, duk sai suka bi, har wasu da ke cikin layin dama daga can baya suka fice suka koma hagu don kada a cuce su. Ma'aikatan pantun suka yi ta ɗaga hannu suna ihu, babu mai kallonsu. Kafin azahar hannu biyun sun cika maƙil tun daga bakin ruwa har cikin gari. Ko akuya sai ta karkace za ta wuce.

Pantun ya iso, aka saukar da bakinsa, motocin ciki suka tayar da inji. Babu ta inda za su bi. Ta farko wata ƙaramar bas ce, cike da maza masu huluna, an soke mata ɗanyen ganye a gaba. Kowane direba a wurin ya san abin da ganye a goshin mota yake nufi. Gawa ce a ciki.

Wani dattijo ya sauko daga bas ɗin ya tako zuwa wurin Muniru. Ya ce mahaifiyarsu ce, a asibiti a Kumasi ta rasu, ta bar wasiyya a kai ta Salaga kusa da mijinta. An haƙa kabari tun safe, jama'a suna zaune suna jira, ga zafin nan.

Muniru ya cire hularsa. "Allah ya ji ƙanta, Baba. Allah ya sa ta huta. Amma dubi bayana, ba ni da ribas."

Dattijon ya wuce wurin na bayansa. "Allah ya ji ƙanta, Alhaji. In na bayana ya ja, zan ja." Ya wuce wurin na gaba. Haka ya yi ta hawa gangaren nan cikin rana, mota bayan mota. Na tsaya ina kallo, kuma na rantse ban taɓa jin addu'a mai yawa irin ta ranar ba. Kowa ya tafa hannu ya shafa, babu wanda ya taɓa makulli. Na can ƙarshe, wanda bayansa fili ne fetal, ya ce shi ba zai ja ba, in ya ja wani zai shige wurinsa.

Akwai wata 'yar hanya ta masu kifi. Daga bakin ruwa take farawa ta hannun dama, ta bi bayan murhunan da mata ke banda, ta zagaya ta fita saman gari. Da bazara, in ruwa ya ja, mota tana iya bi da dabara. Bakinta kuwa daidai inda na farko a layin dama yake tsayawa ne. Motar Sidiku ce ta rufe shi. Baya babu wuri, gaba ruwa. In za a buɗe hanyar nan, sai dai shi ya shige ta, ya yi gaba, masu fitowa su bi shi. Kuma inda za ta fitar da shi shi ne bayan kowa.

Na ga yana kallon bakin hanyar. Na riƙe masa hannu.

"Yaya, ka tuna maganar Hajiya."

"Na tuna."

"Kai ne na farko. Duk wurin nan kai kaɗai ne ba ka yi laifi ba. Su da suka toshe su buɗe."

"Malam Fita, ka ga suna da niyya?"

"To a kwana a haka, kowa ya ɗanɗana."

Ya nuna bas ɗin da haɓa. "Dubi ganyen can. Ɗanye ne ko busasshe?"

"Ɗanye ne."

"To wannan ba na ƙarya ba ne."

Wani ma'aikacin pantun da ya gane abin da ake ciki ya zo da gudu ya ce, "Massa, ka taimaka. In sun fita ka juyo ta nan ɗin, wallahi kai za mu fara sakawa." Na yarda da gaske yake. Sidiku ya nufi motarsa. Ya sunkuya ya jawo katakonsa daga ƙarƙashin taya, ya cusa a bayan kujera, ya hau.

Ya shiga hanyar masu kifi da lodin albasa kamar mai tafiya a kan ƙwai, ni ina gaba a ƙasa ina nuna masa, mata suna janye kwanduna suna tsine mana. Bas ɗin gawa ta biyo shi, sauran motocin pantun suka biyo ta. Da muka fita sama ya matsa gefe, bas ta wuce. Dattijon ya ɗaga masa hannu biyu ta taga.

Sai juyawa. Babbar mota mai lodi ba a juya ta kamar keke, sai an yi gaba an yi baya. Kuma sai da ya jira motar ƙarshe ta pantun ta fito. A cikin wannan ɗan lokacin ne waɗanda ke wutsiyar layi suka ga abin da ba su sani ba da, wato hanyar masu kifi tana cin babbar mota. Motar ƙarshe tana fita, na farkonsu ya faɗa ciki. Shi ne wannan da ya ƙi ja da baya saboda gawa. Yanzu ribas ɗinsa ya tashi lafiya lau. Wasu suka bi shi. Kafin Sidiku ya daidaita hancin motarsa, hanyar da ya buɗe ta zama layi na uku, ta cika har bakinta.

Daga saman gangaren muka tsaya muna kallo. Muniru ne ya fara shiga pantun. Ma'aikacin nan yana ta nuna inda muke a sama yana ihu, motoci suna kutsawa ta gefensa kamar za su take shi. Pantun ya cika, aka ɗaga bakinsa. Da ya fara ja, muka ji hon daga tsakiyar ruwa, irin na wasa, gajere-gajere.

Sidiku ya sauka ya tsaya a tsakiyar titi. Ya yi ta zagin bayan motocin da suka rage, da Hausa, da Dagbanci, da Mosanci, yaren ubansa, har muryarsa ta dushe. Wasu suna dariya a ɓoye. Da ya gama ya haɗiyi ƙwayarsa ba ruwa, ya hau saman lodi da ƙugun nan nasa ya fara kwance tampol don albasa ta sha iska. Na hau na taya shi. Daga nan saman ya kira Hajiya a waya da kansa ya ce mata pantun ya tashi babu shi.

Washegari muka haye. A Kumasi buhunan ƙasa sun jiƙe, masu saye suna toshe hanci. Da muka dawo Salaga bai biya gidansa ba, gidan Hajiya ya nufa, ya ajiye makulli a kan tabarma a gabanta.

Ta ce, "Na ji abin da ka yi. Garin nan duka ya ji. Allah ya ba ka lada. Amma ladan naka ne, Malam Sidiku, asarar tawa ce."

Ni ne na kasa haƙuri. Na ce, "Hajiya, motarki ce fa ta fara toshe hanyar. Muniru ne."

Ta dube ni. "Ita ce kuma ta isa Kumasi, Abdul-Wahid."

Ta ɗauki makullin. Ba na cewa muguwa ce. Albasarta ce ta ruɓe. Abin da nake cewa shi ne, a hanyar nan tamu wanda ya toshe shi ake ba lada a hannu, wanda ya buɗe a ce ya jira na lahira.

Ranar addu'ar tsohuwar nan da aka kawo gawarta aka aiko a kira Sidiku. Dattijon ya tashe shi tsaye a gaban jama'a ya ba da labari, aka yi ta kabbara, liman ya yi masa doguwar addu'a. Masu motoci suna wurin, manya-manya, kowa ya zo ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce irinsa sun ƙare. Muniru ma yana wurin, na gan shi da idona yana cin waina yana cewa amin. Bayan kwana biyu na bi masu motocin nan ɗaya-ɗaya ina nema wa Sidiku aiki. Kowa ya ce mutumin kirki ne. Kowa ya ce sai dai ya cika jinkiri a hanya. Abibata ce ta sayar da injin niƙanta aka haɗa aka sayi motokin.

Motar kuwa aka ba wani Rahim, abokin Muniru. Ba a daɗe ba ya kawo mini ita, birki ya cinye, sifirin ɗaya ya karye. Yana share bayan kujera don ya sa lasifika, ya jawo katakon nan da igiyarsa ya wurgar a kan tarin tsofaffin ƙarafana.

"Massa Fita, wannan itacen na mene ne? Ba wa mai wake ta hura wuta."

Da yamma na ɗauka na tafi neman Sidiku. Na same shi a hanyar Kpembe, motokin ɗinsa a gefe cike da doya, mai doyar tana zaune a sama tana mita, shi kuma yana tsakiyar titi yana jan wani busasshen reshe. Wata mota ta wuce ta danna masa hon, wani ya leƙo ya yi ihu, "Tankas!"

Na miƙa masa katakon na ce ga kayansa, an yar. Ya karɓa ya juya shi, ya shafa inda taya ta cinye shi ya yi sulɓi. Sai ya miƙo mini.

"Mayar masa."

"Shi fa ya yar. Bai ma san amfaninsa ba."

"To ka nuna masa. Na motar ne. In babu shi dutse zai sa, kuma ka san ba zai ɗauke ba."

Na so in gaya masa abin da ke bakina, game da Rahim, da Muniru, da Hajiya, da duk masu amin ɗin nan. Amma ya riga ya juya ya koma wurin reshensa, mai doya tana kiran sunansa.

Na koma rumfa na huda ƙarfen bayan kujera, na ƙara wa igiyar katakon tsawo yadda za ta kai taya, na ɗaure ta da waya mai kauri, na murɗe ta da filaya yadda sai da zarto za a cire. Da Rahim ya zo ɗaukar mota na nuna masa yadda ake sa shi a bayan taya. Ya ce ya ji, yana kallon wayarsa. Ya fita daga rumfata bai kunna sigina ba, ya hau hannun hagu ya nufi Makango.